KALMOMIN TURANCI NA FAƊIN CIWO A GABAN LIKITA

Gabatarwa

Kafin likita ya ɗauki abin awo, kafin ya tura a gwada jini ko fitsari, abin da yake fara dogara da shi shi ne maganar da ta fito daga bakin majinyaci. Idan maganar ta fito daidai, an kama hanyar magani. Idan kuwa ta fito a karkace, ana iya ɓata kwanaki ana neman cuta inda ba ta nan, ga asarar kuɗi, ga ciwo yana ƙara cin jiki.

A Nijeriya da Turanci ake koyon aikin likita, da shi ake rubuta katin asibiti, da sakamakon gwaji, da bayanin da ke jikin kwalin magani. Ga shi kuma masu jin Hausa sun bazu ko'ina cikin ƙasa, daga Sabon Badun zuwa Agege da Idi-Araba a Ikko, har Anacha da Fatakwal, inda da wuya a tarar da likita mai jin Hausa. A Arewa ma, tun da aka kafa shirin bautar ƙasa a shekarar 1973, ana tura matasan likitoci da masu harhaɗa magunguna jihohin da ba nasu ba, su yi aiki cikin jama'ar da ba su jin harshenta.

Saboda haka aka shirya wannan darasi. Manufarsa ita ce mai karatu ya iya faɗin abin da yake ji da kalmar da ta dace, ya kuma gane abin da aka faɗa masa ko aka rubuta masa. Wanda ya karanta, ya kamata ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa.

Kashi na ɗaya: Alama daban, cuta daban

Kalmomin "sick" da "ill" duka suna nufin rashin lafiya, kuma a Nijeriya ana amfani da su ba tare da bambanci ba. Sai dai a lura, a bakin mutanen Ingila "I feel sick" yakan nufi tashin zuciya, watau mutum yana jin zai yi amai. "Weak" rashin ƙarfi ne, "tired" gajiya, "patient" kuwa majinyaci. "Disease" cuta ce mai suna, "injury" ko "wound" rauni ne, "infection" kuma shigar ƙwayoyin cuta cikin jiki.

Akwai kalmomi biyu da suka fi waɗannan muhimmanci. Ta farko "symptom", watau abin da majinyaci yake ji a jikinsa, kamar ciwon kai, ko jiri, ko tari. Ta biyu "diagnosis", watau sunan cutar da likita ya tabbatar bayan ya yi tambayoyi, ya duba, ya yi gwaji. Ta farko hakkin majinyaci ce, ta biyu aikin likita ne. Mutane da yawa sukan shiga ofishin likita su ce "I have typhoid" ko "I have ulcer", alhali ba a taɓa gwada su ba. Wanda ya yi haka ya yanke hukunci tun ba a saurari shaidu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma gyaran rufi sai magini. Wannan ita ce ƙa'idar da duk sauran darasin ya tsaya a kanta: a faɗi abin da ake ji, a bar wa likita sanya wa cuta suna.

Kashi na biyu: Ciwo iri-iri

A Hausa kalmar ciwo tana ɗauke da ma'ana da yawa. Rashin lafiya ciwo ne, zafin da ake ji ciwo ne, miki ma ciwo ne. Turanci ya rarraba su. "Pain" shi ne ciwon da ake ji kowane iri. "Ache" ciwo ne mai naci wanda ba ya saurin wucewa, kuma akan haɗa shi da sunan gaɓa: "headache" ciwon kai, "toothache" ciwon haƙori, "backache" ciwon baya, "stomachache" ciwon ciki. "Sore throat" ciwon maƙogwaro ne. Wanda kalma ta ƙwace masa, ya isa ya ɗora hannu a wurin ya ce "It hurts here", watau nan ne ke yi masa ciwo.

Bayan an nuna wuri, likita zai so ya ji irin ciwon. Ga kalmomin da aka fi bukata:

Sharp ko stabbing: ciwo mai suka, kamar ana soka tsinke.
Dull: ciwo mai nauyi, marar suka.
Throbbing: ciwo mai zogi, yana bugawa tare da bugun jini.
Burning: raɗaɗi, kamar an zuba barkono.
Cramp: murɗawa, kamar ta ciki ko ta mara.
Itching: ƙaiƙayi.
Swelling: kumburi.
Rash: ƙuraje ko feshin fata.
Numb: wuri ya mutu, ba a jin taɓawa.
Stiff: sanƙarewa, gaɓa ta ƙi lanƙwasuwa.
Dizzy: jiri.

Wannan rarrabewa ba ƙawa ba ce. Raɗaɗi a saman ciki, ƙarƙashin ƙirji, yana sa likita ya yi tunanin gyambon ciki. Ciwon da ya faro daga cibiya ya koma ƙasan ciki ta hannun dama yana sa shi ya yi tunanin afendis, wanda sau da yawa sai an yi aiki da gaggawa. Duka biyun ciwon ciki ne a bakin mai shi, amma maganinsu ya yi hannun riga. Haka nan ciwon kai kaɗai abu ne da kowa ya saba da shi, amma ciwon kai da zazzaɓi da "stiff neck", watau sanƙarewar wuya, alamar sanƙarau ce, cutar da ta kashe mutane fiye da 10,000 a Arewacin Nijeriya a annobar 1996. Kalma ɗaya da aka ƙara tana iya sa a ɗauki majinyaci daga kan layi a kai shi gado nan take.

Kashi na uku: Kalmomi biyar masu ruɗarwa

Akwai kalmomin Hausa da kowace ɗaya take tsaye a madadin kalmomin Turanci da dama. Nan ne aka fi yin kuskure wajen fassara.

1. Zazzaɓi. Turancinsa "fever", kuma ma'anarsa zafin jiki ya haura yadda ya saba. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya kai 38 an shiga zazzaɓi sosai. "Fever" alama ce kawai. "Malaria" shi ne zazzaɓin cizon sauro, "typhoid" zazzaɓin da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa ko abinci, "Lassa fever" kuma wanda ɓeraye ke yaɗawa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, kuma ba ya wuce minti ashirin. Don haka abin faɗi shi ne "I have fever", sa'an nan a nemi gwaji.

2. Sanyi. "I feel cold" yana nufin mutum yana jin ɗari. "Shivering" rawar ɗari ce. "I have a cold" kuwa mura ce, wadda a Nijeriya aka fi kira "catarrh". "Pneumonia" ciwon huhu ne, mai zuwa da tari da zazzaɓi da saurin numfashi, kuma yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƙanana. Abin da ake kira sanyin ƙashi shi ne "joint pain". Abin da ake kira ciwon sanyi kuwa ba shi da alaƙa da kalmar "cold" ko kaɗan. Wanda ya fassara shi haka zai koma gida da maganin mura, cutarsa tana nan. Abin da zai faɗa shi ne alamomin: "discharge", watau fitar ruwa ko mugunya daga gaba, da "pain when passing urine", watau zafin fitsari.

3. Shawara. Idan ido da fata suka koma ruwan ɗorawa, sunan wannan "jaundice". Shi ma alama ce, kuma abubuwa da yawa ke kawo shi. Akwai "hepatitis", watau kumburin hanta, wanda nau'insa na B da na C ke iya zama cikin jiki shekaru ba a sani ba. Akwai "yellow fever", wanda sauro ke yaɗawa, kuma yana da allurar rigakafi. Akwai na masu amosanin jini, akwai kuma na jarirai sababbin haihuwa, wanda idan ya yi tsanani ba a kai asibiti ba yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Saiwa ɗaya ba ta maganin waɗannan duka.

4. Jini. Hawan jini shi ne "high blood pressure" ko "hypertension". Ana rubuta awonsa da lamba biyu, kuma idan ya riƙa kai 140/90 ko fiye a awo daban-daban, ana lissafa shi hawan jini. Sau da yawa ba ya nuna wata alama sai ya kai ga "stroke", watau shanyewar ɓarin jiki. Ƙarancin jini shi ne "anaemia", kuma ba shi ne kishiyar hawan jini ba. Mutum ɗaya yana iya haɗa su biyun. "Bleeding" zubar jini ne. "Blood group" rukunin jini ne da ake dubawa kafin ƙarin jini, kamar A, B, AB da O. "Genotype" kuwa shi ake dubawa kafin aure, kamar AA, AS da SS. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, watau mai amosanin jini.

5. Zuciya. Tashin zuciya shi ne "nausea", amai kuma "vomiting". Babu ɗayansu da ya shafi kalmar "heart". "Heartburn" ƙwarnafi ne, kuma duk da sunansa daga ciki yake tasowa. "Palpitations" bugun zuciya ne da ƙarfi ko da sauri wanda mutum ke ji da kansa. "Chest pain" ciwon ƙirji ne. Idan ya zo kamar an danne ƙirji da dutse, yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi, ana tsoron "heart attack", kuma wannan ba ya jiran gobe.

Ana iya ƙara basir a kan waɗannan biyar. Turancinsa "piles" ko "haemorrhoids", amma ba kowane jini a bayan gida ne basir ba. Gudawa ita ce "diarrhoea", atuni "dysentery", taurin bayan gida "constipation". Wanda ya ga jini ya ce "blood in stool", ya bari a duba.

Kashi na huɗu: Tun yaushe, kuma yaya tsananinsa

Babu likitan da ba ya tambayar "Since when?" ko "For how long?", watau tun yaushe. Amsar "ya daɗe" ko "kwana biyu" irin ta Hausa, wadda ke iya nufin wata guda, ba ta taimako. A ƙirga kwanakin tun daga gida. Ana sa "for" kafin adadi, kamar "for three days", kwana uku ke nan. Ana sa "since" kafin rana ko lokaci, kamar "since Friday", tun ranar Jumma'a. Amfanin wannan a fili yake: tarin kwana uku mura ce a galibi, amma tarin mako biyu ko fiye yana bukatar gwajin "tuberculosis", watau tarin fuka, wanda ake gwajinsa da maganinsa kyauta a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kuma maganin yakan ɗauki wata shida.

"Sudden" yana nufin farat ɗaya, "gradual" sannu a hankali, "constant" ba ya tsayawa, "on and off" yana zuwa yana tafiya. Ta wajen tsanani, "mild" sama-sama ne, "moderate" tsaka-tsaki, "severe" mai tsanani. "Better" da sauƙi, "worse" ya ƙaru. A nan akwai abin lura game da al'ada. Bahaushe ko yana kwance rai a hannun Allah, in an gaishe shi sai ya ce da sauƙi. Wannan ladabi ne mai kyau a wajen masu dubiya. A gaban likita kuwa, wanda ya ce "better" alhali ciwo ya ƙaru, za a bar shi a kan maganin da ba ya yi masa aiki.

"Acute" da "chronic" su ma lokaci suke nunawa. Ta farko cuta ce da ta taso da sauri kuma ba ta daɗewa. Ta biyu cuta ce mai daɗewa, kamar hawan jini, da "diabetes" watau ciwon sukari, da "asthma" watau asma, da "epilepsy" watau farfaɗiya. Mai irin wannan cuta ba ya barin magani don ya ji sauƙi, sai da izinin likita.

Kashi na biyar: Abin da aka rubuta

A takardar sakamako kalmomi biyu ne suka fi ruɗa jama'a. "Positive" yana nufin an sami abin da aka nema, "negative" ba a samu ba. Saboda haka a gwajin cuta "negative" ne labari mai daɗi. Idan an yanki wani kumburi an gwada, "benign" yana nufin ba ciwon daji ba ne, "malignant" kuwa shi ne. "Admit" a ba mutum gado, "discharge" a sallame shi, "refer" a tura shi wani asibiti ko wurin wani ƙwararre. "Consent form" takardar yarda ce da ake sa wa hannu kafin a yi aiki, kuma kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an bayyana masa abin da ke ciki.

A takardar magani "dose" shi ne adadin da za a sha a lokaci guda. Likitoci sukan taƙaita: od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu, nocte da dare. Sau uku a rana yana nufin a raba tsakani da kamar awa takwas. "Before meals" kafin cin abinci, "after meals" bayan ci. "Teaspoon" cokalin shayi ne, mililita 5. "Tablespoon" babban cokali ne, mililita 15. Uwar da ta rikita su za ta ba ɗanta ninki uku na abin da aka ce. "For external use only" maganin shafawa ne, ba a sha. "Side effect" wata damuwa ce da magani kan jawo, kamar barci ko jiri. "Allergy" kuwa shi ne jiki ya ƙi wani magani, ya yi ƙaiƙayi ko kumburi ko toshewar numfashi, kuma lalle ne mai shi ya faɗa wa kowane likita: "I am allergic to" sa'an nan sunan maganin. A jikin kwali a duba EXP, watau ranar da magani zai lalace, da lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna.

A katin rigakafin yara akan ga sunayen cututtuka. "Measles" ƙyanda ce, "whooping cough" tarin shiƙa, "diphtheria" mashaƙo, "meningitis" sanƙarau, "polio" shan inna. Wasu sunayen sun riga sun fita daga bakin likitoci saboda an ci nasara a kansu: an bayyana kawar da "smallpox", watau agana, daga duniya a 1980, an ba Nijeriya shaidar rabuwa da kurkunu a 2013, a 2020 kuma aka bayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, ko da yake ana ci gaba da ɗiga wa yara rigakafinta.

Kashi na shida: Yadda ake haɗa su

Bayani mai kyau yana amsa tambayoyi huɗu: mene ne, a ina, tun yaushe, me aka sha. Ga misalin abin da uwa za ta faɗa game da ɗanta:

My son has had fever for three days. Ɗana yana zazzaɓi kwana uku ke nan.
He has a cough and fast breathing. Yana tari da saurin numfashi.
He vomited twice today. Ya yi amai sau biyu yau.
It is getting worse. Abin yana ƙaruwa.
I gave him paracetamol this morning. Na ba shi farasitamol yau da safe.

A faɗi duk abin da aka sha, har da jiƙo da sassaƙe da abin da aka saya a kemis. Likita ba alƙali ba ne, yana tambaya ne don kada ya ba da maganin da zai yi karo da abin da ke cikin jiki.

Wanda bai gane ba ya ce "I do not understand, please explain", watau ban gane ba, a yi mini bayani. Yana kuma iya cewa "Please call someone who speaks Hausa", a kira masa mai jin Hausa. Matambayi ba ya ɓata. Idan za a zo da tafinta daga gida, a zaɓi babba wanda ba a jin nauyinsa. Tsoho ba zai faɗi zafin fitsari ta bakin jikarsa ba, mace kuma ba za ta faɗi ciwon mara ta bakin surukinta ba, kuma abin da kunya ta ɓoye ba ya samun magani.

Akwai kalmomin da ake faɗa tun daga bakin ƙofa, ba tare da bin layi ba: "emergency" gaggawa, "unconscious" ya suma bai farfaɗo ba, "convulsion" jijjiga, "heavy bleeding" zubar jini mai yawa, "difficulty in breathing" numfashi da ƙyar, "snake bite" saran maciji, "poison" guba, "labour" naƙuda. Ya kamata kowane mai gida da kowace uwar gida su haddace waɗannan takwas.

Tambayoyi domin bita

1. Mene ne bambancin "symptom" da "diagnosis", kuma wanne ne na majinyaci?
2. Me ya sa ba a fassara ciwon sanyi da "cold"?
3. An rubuta "malaria negative" a takarda. Me ake nufi?
4. An rubuta "one teaspoon tds". Mililita nawa yaro zai sha a yini?
5. Yaya za a faɗi tarin mako biyu da Turanci, kuma wane gwaji ya kamata a nema?

Kammalawa

Ba a bukatar Turanci mai zurfi kafin a yi wa likita bayani. Kalmomi kaɗan da aka sani daidai sun fi dogon zance da aka ara. Shugabannin unguwanni, da malaman makarantu, da masu koyar da yaƙi da jahilci, da ƙungiyoyin mata da na 'yan kasuwa za su yi wa jama'a babban aiki idan suka riƙa bitar wannan darasi a tarurrukansu. A ajiye shi tare da katin asibiti, a tafi da shi ranar da bukata ta taso. Lafiya uwar jiki ce, kuma kiyaye ta yana farawa daga faɗin gaskiyar abin da jiki yake ji.